Mai Aski da Waƙar da Ta Ƙi Ƙarewa

Duk layin babu mai kiran mai askin nan da sunan da iyayensa suka raɗa masa. Yayyafi ake ce masa, babba da yaro, har ɗan sandan da ke ba da hannu a mahaɗar titi. Sunan kuwa ba nasa ba ne, na wata ƙungiyar mawaƙa ce, 'Yan Yayyafi, samari huɗu masu jita da ganga da tulin suma, waɗanda suka yi tashe lokacin yana saurayi. Tashen ya wuce tun tuni, ƙungiyar ta watse, kowa ya kama gabansa, amma sunan ya manne wa mai aski kamar cingam a takalmi. Abin da mutanen layin ba su sani ba shi ne, an yi shekaru da waƙoƙin nan suka fita daga ransa. Fita ma kaɗan ce, isarsa suka yi, har wuya.

Ba shi da bakin kuka da kowa, domin shi ya janyo wa kansa. A zamanin ƙuruciya babu irin haukan da bai yi a kansu ba. Ya tara suma irin tasu har hula ta daina zama a kansa. Ya taɓa dambe da wani direba da ya ce mai jitarsu bai iya ba, ya koma gida da kumburarren leɓe yana alfahari. Ranar da suka zo wasa babban ɗakin taro na garin, shi da amininsa suka kutsa cikin cunkoso, sai ya zamana shi gajere ne, ba ya hango komai sai bayan mutane. Aminin nan, dogon mutum mai ƙirar ƙarfi da ake kira Zarto saboda aikinsa a injin tsaga katako, ya sunkuya ya ɗora shi a wuya tun daga waƙar farko har aka tashi. Zarto bai ga ko hannun mai ganga ba ranar, wuyansa ya yi kwanaki a sandare, amma ko a jikinsa. Kullum aka tuna da ranar sai ya ce, "Kai ka gani, ni na ji, ai mun raba daidai."

Da ya samu shagon kansa, ɗan tsukukun ɗaki tsakanin tela da mai sayar da fenti, sai ya mai da shi tamkar gidan ƙungiyar. Ya sa mai zane ya zana fuskokinsu a allon ƙofa, mai zanen kuwa ya yi su huɗu duk kama ɗaya, kamar ciki guda ya haife su. Ya lulluɓe bango da hotunansu, har tsagar da ke kusurwar madubi da hoton mai ganga ya rufe ta. Kujeru biyu ne a shagon, ɗaya ta karye tun da daɗewa ta koma wurin ajiye tawul, sai benci, da fanka mai kuka, da rikoda a kan kanta kusa da kwalbar sifirit da gwangwanin hoda. Daga buɗewa zuwa rufewa rikodar nan ba ta san wata murya ba sai ta 'Yan Yayyafi.

Har hannunsa ma da waƙarsu ya koyi aiki. Lokacin ana yayin suma, da almakashi da mataji ake aski, shi kuwa sai ya riƙa bin ganga: ya datsa sau biyu, ƙyas-ƙyas, sannan ya ɗan buga bayan mataji a kan mutum, tak. Ƙyas-ƙyas, tak. Tun yana yi da gangan har ya zame masa jiki. Daga baya yayin suma ya wuce, kowa ya koma kilifa, injin aski, almakashin ya koma cikin durowa. Mutum ɗaya tal ya rage da ake fito masa da shi, Zarto, wanda har yau yake ajiye suma irin ta 'Yan Yayyafi, duk da ta yi fari fat kuma tsakiyarta ta fara yin sanƙo.

Idan aka tambayi mai aski ranar da abin ya fita daga ransa, ba zai iya nuna ta ba. Babu wanda ya ɓata masa, babu abin kunyar da mawaƙan suka yi. Abin da yake iya tunawa kawai, wata safiya yana sharar gashi, bayansa na ciwo, rikoda tana rera shahararriyar waƙarsu, wadda saurayi ke cewa zai jira budurwarsa a bakin gada ko da ruwa zai ci shi. Sai ya tsaya da tsintsiya a hannu ya saurari kalmomin, abin da ya daɗe bai yi ba. Ya ji wani yaro ne kawai yake ta kuka a kan yarinyar da 'yar mai askin ta fari ma ta girme ta. Ya ja tsaki ya ce shi kaɗai, "Wai har yanzu wannan bai tafi gida ba?" Ya yi dariya, sannan ya daina, don ya gane da gaske yake.

Tun daga ranar kunnensa ya buɗe, kuma bai ji daɗin buɗewar ba. Ya fara jin inda mawaƙin ke shaƙewa idan ya ja murya sama. Ya fara lura cewa waƙoƙin duka kusan ɗaya ne, an dai canza sunan wurin da ake jira. Shi yanzu abin da ransa ke so bai taka kara ya karya ba: ya ji labarai, ya ji shirin da likitoci ke amsa tambayoyi, ko ma a yi shiru ya ji kukan fankarsa.

Sai dai layin ya ƙi sakinsa. Ranar da ya cire hoto ɗaya da ya koɗe har ba a gane fuska, tela ya leƙo ya ce, "Yayyafi, lafiya? Ɓarayi ne suka shigo?" Kafin azahar wani ya kawo masa sabo, wai ya tsinta a kayan marigayi babansa, ya san nan ne gidan hoton. Da labari ya zo cewa mai gangar ƙungiyar ya rasu a wani gari mai nisa, mutane suka yi ta tururuwa shagon suna yi masa gaisuwa kamar ɗan'uwansa ne ya mutu. Dole ya sha mur, ya sunkuyar da kai yana amsawa, alhali mutum na zaune a kujera da rabin aski yana jira. Ya ji tausayin mamacin kamar yadda ake jin na kowane bawan Allah, amma ba abin da ya motsa a ƙirjinsa, kuma haushin wannan ƙaryar da fuskarsa ta yi ya bi shi har gida.

Da rikodar ta mutu, ta haɗiye kaset ta yi shiru, ji ya yi kamar an sauke masa buhu daga ka. Ya yi kwanaki yana aiki cikin natsuwa, duk wanda ya tambaya sai ya langaɓar da kai ya ce ai kayan gyaranta ba a samunsu yanzu. Murnar ba ta je ko'ina ba. 'Yarsa ta fari, wadda ke aiki a shagon wayoyi, ta iso da kwali a hannu tana washe baki.

"Baba, rufe idonka."

Sifika ce, baƙa, mai ƙaramar fitila shuɗiya. Ta zuba waƙoƙin 'Yan Yayyafi kaf a ciki, har da waɗanda shi kansa ya manta da su.

"Wannan ba ta cin kaset, Baba, ba sai ka juya ba. In ta kai ƙarshe da kanta take komawa farko. Har abada ba za ta tsaya ba."

"Har abada," in ji shi. "Allah ya yi miki albarka."

Matarsa kaɗai ta san abin da ke ciki, don ita ke jin tsakinsa idan ya dawo. Ta ce, "Ni ban gane maka ba, Baban yara. Shagonka ne, kunnenka ne. Ka kashe abin nan mana, wa zai dake ka?"

"Zarto fa?"

"Zarto a kanka yake zaune?"

"Ba za ki gane ba."

"Ai kullum ba na ganewa. Na dai gane kana dawowa da ciwon kai."

Gaskiyar magana, ba tela yake tsoro ba, ba 'yarsa ba. Zarto ne. Tun da matar Zarto ta rasu, 'ya'yansa suka watsu neman abinci, ba shi da wurin zuwa sai shagon nan. Duk Asabar da la'asar, idan an kashe injin katako, zai taho da garin katako a gira da kafaɗa, ya zauna a kujera, ya rufe ido, a yi masa askin da sumar ba ta buƙata. Mai aski ya duba abotarsu sama da ƙasa, ya rasa abin da ke riƙe da ita ban da waƙoƙin nan. Ba sa hirar iyali, ba sa hirar duniya. Yana ganin ranar da ya ce sun ishe shi, ranar zai zare ƙusar da ta riƙe komai, kuma mutumin da ya ɗauke shi a wuya ba zai sake tako ƙofarsa ba. Wannan tsoron ne ya sa ya yi ta haɗiye abin shekara da shekaru.

Zarto kuma bai sauƙaƙa masa ba. Kullum ƙara zama alaƙaƙai yake yi. Da ya zauna zai ɗaga murya kamar mai kiran wani a hayin titi, "Ƙara mata murya!" A ƙara, ya ce a ƙara. Idan ka yi masa magana yana kujera, ko ya share ka, ko ya amsa maka abin da ba ka tambaya ba. Abin da ya fi ƙona wa mai aski rai ya faru ne bayan ya je asibiti, likita ya ce jininsa ya hau sosai, ya rage tsayuwa, ya rage hayaniya. Tsoro ya kama shi, irin wanda namiji ba ya son kai wa matarsa. Ranar Asabar yana tsaye a bayan Zarto yana datsa, ya yi ta maza ya faɗa masa duka, har da cewa yana tunanin mutuwa. Zarto, ido a rufe, yana kaɗa kai, ya buɗe baki ya ce, "Kai, ji jitar nan! Yaran yanzu ina za su iya?"

Mai aski ya ƙarasa askin, ya kaɗe masa wuya da hoda, amma maganar ta zauna masa a zuciya daram. Wato shi ba aboki ba ne, mai kunna waƙa ne kawai.

Asabar ɗin da abin ya fashe, zafi ake yi mai sa mutum faɗa da inuwarsa. Tun safe kansa ke sarawa. Zarto ya shigo, ya zauna, aka ɗaura masa ƙyalle a wuya.

"Ƙara mata murya!"

Ya ƙara.

"Haba Yayyafi, yau rowa kake ji? Ƙara!"

Ya murɗa ta har ƙarshe. Kwalbar sifirit ta fara rawa a kan kanta, tela ya buga bango daga ɗaya gefen. Kuma kamar da gayya, sifikar ta zagayo kan waƙar gada. Yaron nan ya sake tsayawa yana jira, yana rantsuwa ruwa zai ci shi. Mai aski yana datsa, jijiyar goshinsa na harbawa, haushi ya turnuƙe shi har ya daina ganin madubi sosai. Ya miƙa hannun hagu ya danne maɓallin da ƙarfi, fitilar shuɗiya ta mutu.

Shagon ya yi tsit. Ya ji kukan fanka, ya ji babur ya wuce, ya ji keken tela ya ci gaba. Ya jira Zarto ya zabura. Hannunsa kuwa, da yake ya saba, bai tsaya ba. Ƙyas-ƙyas, tak. Ƙyas-ƙyas, tak.

Zarto bai zabura ba. Idonsa a rufe, kansa na kaɗawa, ƙafarsa na bugun ƙarfen kujera daidai da mataji. Can sai ya ɗauki amshin waƙar da ƙatuwar muryarsa, yana murmushi, a cikin ɗakin da babu kiɗa ko kaɗan.

Mai aski ya ɗauka tsokana ce. Ya ce, "Na kashe fa."

Shiru.

"Zarto, na ce na kashe ta. Na gaji."

Kai na ta kaɗawa. Ya matso daf da ƙeyarsa ya kira shi da sunansa na yanka, wanda rabon da ya furta shi tun suna yara. Ko gezau. Ya ɗaga almakashin daga sumar ya tsaya cak.

Nan take Zarto ya buɗe ido. "An ɗauke wuta ne?" Ya ɗaga kai ya ga fanka na juyawa. Ya waiga ya ga fitilar sifika a mace. Sannan a hankali ya dubi madubi, idonsu ya haɗu, murmushin ya zube daga fuskarsa.

Mai aski ya zagayo gabansa, ya kwashe tawul daga karyayyiyar kujera, ya zauna a bakinta suna fuskantar juna. Ya nuna kunnensa, ya buɗe baki sosai yadda za a ga leɓensa. "Tun yaushe?"

Zarto ya sunkuyar da kai yana murza ƙyallen wuyansa. "Tun da aka kawo babban injin nan. Na hagu ya tafi gaba ɗaya. Na dama kuma kamar ina cikin ruwa. In ina kallon bakin mutum, ina tsintar rabi."

"Waƙar fa?"

"Jitar ce ta fara tafiya. Sai muryar. Gangar ta ɗan jima, ita ma ta bi su."

"To don me kake sa ni ina ƙara murya kamar mahaukaci? Tela ya kusa daina gaishe ni!"

"Ina sa rai ne ko wani abu zai ɗan shigo." Ya taɓa tsakiyar kansa. "Matajinka nake ji. In ka buga, yana shiga har ƙashi. Da na samu gangar, sauran duk ina da su a ciki, sai in ɗora."

"Shi ne ba za ka buɗe baki ka faɗa ba? Ƙaton banza kawai!"

"In na faɗa, me zai kawo ni ran Asabar? Kai ma ka san sumar nan ba ta isa askin kowane mako ba."

Mai aski ya rasa inda zai sa kansa. Tausayi yake ji, amma haushin ya fi yawa, haushin Zarto, haushin kansa, haushin duk Asabar ɗin da ya tsaya kansa na sarawa yana kunna wa kurma waƙar da shi mai kunnen ya tsana. Ya ga in bai faɗa yau ba, ba zai taɓa faɗa ba. Ya dafa gwiwar Zarto ya sa shi ya dube shi.

"Kalli bakina da kyau. Waƙoƙin nan sun ishe ni. Sun daɗe da isata. Ba na son su."

Zarto ya ƙura wa leɓensa ido, kamar yana fatan kuskuren gani ya yi. "Kai? Yayyafi?"

"Ni."

"Har ta gada?"

"Ita ce kan gaba. Mutum ya tsufa yana jira a wuri ɗaya, ba shi da aikin yi ne?"

Ya zaci Zarto zai yi dariya, ko ya ce shi ma haka. Bai yi ba. Fuskarsa ta yi wani iri, kamar an gaya masa rasuwa. Ya daɗe yana kallon hotunan bango ɗaya bayan ɗaya, kafin ya ce, da muryar da a karon farko ta sauko ƙasa, "Ni ba su ishe ni ba. Ni su suka bar ni."

Ga shi nan, abin da mai aski ya yi shekaru yana gudu. Ya jira Zarto ya kwance ƙyallen ya miƙe. Da ya ga bai motsa ba, sai ya yi sauri ya cike shirun da abin da ya fi damunsa. Ya gaya masa zancen asibiti, da hawan jinin, da tsoron da ke hana shi sukuni, yana yi yana nuna ƙirjinsa da kansa.

Zarto ya zaro ido, muryar ta koma sama. "Jininka ya hau shi ne ba ka gaya mini ba? Wane irin aboki ne kai?"

"Na gaya maka! Ƙeyarka na gaya wa, ta ce in ji jita!"

Zarto ya kai hannu ya shafa ƙeyar kamar ita ce mai laifin. Idonsa ya kawo ruwa, ya goge da ƙyallen aski, guntayen gashi suka manne masa a kumatu. "Ran Litinin tare za mu koma wurin likitan," in ji shi. "Ni zan kai ka."

"Kai za a fara dubawa, kurman banza."

"Me ka ce?"

"Na ce to!"

Tela ya leƙo da tef a wuya, ya dubi sifikar, ya dube su. "Yau kuma lafiya? Ta lalace ne?"

"Ba ta lalace ba," in ji mai aski. "Ni na kashe ta. In 'yarka na so, zo ka ɗauka mata, a zuba wasu waƙoƙin."

Tela ya tsaya baki buɗe, ya ga babu fuskar wasa, ya janye kansa.

Zarto ya juya ya kalli madubi. Gefe ɗaya na sumar a gyare, ɗayan a tsaye. "To haka zan fita titi? Ƙarasa mini."

Mai aski ya miƙe, bayansa ya amsa, ya koma bayan kujera ya ɗauki almakashi. Niyyarsa ya yi aski kawai, irin na kowa, ba ganga ba gada. Ya datsa sau ɗaya, ya datsa na biyu, ya riƙe matajin a sama. A cikin madubi ya ga Zarto ya rufe ido. Ya duba ƙasa, ya ga ƙatuwar ƙafar nan mai garin katako ta ɗaga daga ƙarfen kujera, tana tsaye a iska tana jira.

Ya ja tsaki mai tsawo, wanda ya san babu mai jin sa. Sannan ya sauke bayan matajin a kan farar sumar, tak, ƙafar Zarto ta sauka tare da shi.